Kafin ki kira kafinta ko ki kama shago, fara ƙirga zaren da ke ɗakin

Wata baiwar Allah mai ɗinki a cikin gida daga Kano ta turo min tambaya, ga ta a taƙaice: shekararta 6 tana ɗinkin mata da zannuwan gado a ɗaki ɗaya, tana da keke Butterfly da na wuta guda da keken wibin (mai kame bakin yadi don kar ya warware), ga yara biyu masu koyo. Ɗakin ya cika maƙil, zare a leda, zare a kwali, wani har ƙarƙashin gado, buhun ƙyallaye uku, ga kayan mutane da ba a zo an karɓa ba. Duk shigarta kasuwa sai ta sayo zare, ta dawo gida ta tarar ashe tana da irinsa. Yanzu ta ɗau adashe naira dubu 150, tana tambaya ta sa a buga mata kanta mai gilas ne ko ta kama shago tunda ɗakin ya yi mata kaɗan.

Hajiya Allah ya sa wa sana'a albarka. Ni dai a nawa ganin kar ki kama shago yanzu, kuma kar ki kira kafinta a satin nan. Ɗakin ba ƙanƙanta ya yi ba, kayan da ba sa kawo miki ko kwabo ne suka cinye shi, in kika kwashe su haka kika kai shago to kin koma biya wa buhun ƙyalle kuɗin haya duk shekara. Kanta kuma in aka buga ta kafin ki san yawan abin da za ta ɗauka, ko dai ta yi kaɗan ko ta tare miki rabin bango a banza.

Abin da nake so ki fara yi ba ya cin ko sisi, wuni ɗaya kawai zai ci. Ki zaɓi ranar da ba ki da alƙawari da kowa, ki shimfiɗa farin zani a tsakar gida a inuwa, ke da yaran nan ku fito da duk wani zare da ke gidan, har wanda ke cikin durowar keke da wanda ya gangara bayan kujera, ku zazzage a kai. Ku ware kala kala, fari gefe, baƙi gefe, ja da danginsa su ruwan hoda da ruwan makuba, shuɗi da danginsa, haka dai. Sai ki ɗau littafi ki rubuta adadin kowanne, ki sa kuɗin da ake sayar da shi yau ba kuɗin da kika saya ba, ki tara. Wallahi wannan jimillar ita nake so ki gani da idonki, don yawancin teloli ba sa kallon zare a matsayin jari, ana ganin ɗan abu ne na canji, alhali a ce kin samu guda 200 kuma a ce kowanne naira 300 ne, dubu 60 kenan kwance a leda, kuma zan iya cewa za ki ga kala ɗaya kin saye shi sau huɗu sau biyar saboda duk ranar da kike nemansa ba ya ganuwa.

Ga kuma asarar da ba a rubutawa. In neman zare ko almakashi ko zif yana cin minti 10, aka yi haka sau 6 a wuni, awa guda ta tafi, a kwana 26 na aiki awa 26 kenan, sama da wuni uku na ɗinki a wata. Ki lissafa riga nawa kike gamawa a wuni uku, ki ga abin da hargitsin ɗaki yake karɓe miki, musamman cikin azumi lokacin da kowa ke tsaye a kanki yana son kayan sallarsa.

Kuna cikin warewa ki riƙa gwada tsofaffin. Ki warware kamar kamu ɗaya ki naɗe a hannu biyu ki ja, mai kyau zai yi miki gardama kafin ya tsinke, wanda ya mutu kuwa da kin taɓa zai rabu. Zaren auduga shi ya fi saurin lalacewa in ya sha rana ko danshin damina, na roba ya fi shi juriya amma shi ma rana tana kashe masa kala, za ki ga saman ya koɗe ciki kuma da sauran haskensa. Wanda ya faɗi gwajin nan kar ki kuskura ki sa shi a kayan mutane, ranar biki hammatar riga ta ɓalle ba zare za a zaga ba, ke za a zaga. Ki zuba su a roba ɗaya ki ba yara su riƙa koyon taka keke da su.

To yanzu maganar ajiya. Ba sai kin yi gilas ba. Falle ɗaya na filawud da ƙusa mai inci 4 sun isa, a buga ƙusoshin a ɗan karkace suna kallon sama, a bar tazarar kamar inci 3 tsakani don manyan kon, wato manyan ƙunshin zare, su zauna ba tare da sun gogi juna ba, ƙananan kuma a matse musu. Ƙusa tana tsatsa da damina kuma tsatsar tana ɓata farin zare, don haka ki zura mata robar nan ta zuƙar lemo kafin ki ɗora zaren. Kowane zare ki ɗora rilarsa, wato 'yar abar da ake naɗe zaren ƙasan keke a kai, a samansa a ƙusa ɗaya, kin huta da warware rila mai ja don ki naɗa kore, wanda shi ma asarar zare ce da ba a lura da ita. Bakin zaren ki kama shi da ƙaramar robar kitso, ita ce maganin wannan cukurkuɗewar da ke sa a yanke kamu biyar a zubar. Allon nan kar a kafa shi inda rana ke faɗowa ta taga, kuma ki ɗinka masa labule ko ki rufa masa farar leda mai kauri wadda ake ganin ciki, saboda ƙurar hunturu in ta hau zare tare suke shiga keke, ta taru a wajen tenshan mai daidaita matsin zare da cikin shatil inda rila ke zama, sai ki ga keke yana tsinka zare yana tsallake ɗinki kin kira mai gyara, alhali ƙura ce.

Kuma ba duka za ki rataye ba. Kalolin da kike taɓawa kullum su ne a allo daidai hannunki kina zaune, ragowar da waɗanda suka maimaitu a sa su cikin roba mai murfi, a rubuta kalar a jiki. Komai kuma ya bar ƙasa, ko bulo biyu da katako ne a ɗora a kai. 'Yan Kantin Kwari ba za su manta da ambaliyar 2022 ba, yadda ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa yadiddika, ke kuma naki ko ba ambaliya ga sanyin siminti ga gara ga ɓera.

Sayayya ita ce inda kuɗinki ke zurarewa, don haka bari in ɗan tsaya a nan. Keke na miƙe yana cin zare kamar ninki biyu da rabi na tsawon ɗinkin, shi kuwa keken wibin yana cin sama da ninki goma, shi ya sa za ki ga fari da baƙi suna ƙarewa kamar ana sha, ruwan goro kuma ya shekara uku bai motsa ba. To kalolin da ke tafiya, fari, baƙi, ruwan madara, ruwan toka, shuɗi mai duhu, su ne za ki saya manyan kon kuma a dozin don ki samu farashin sari. Baƙuwar kala kuma ƙarami guda ɗaya tak, ranar da aikinta ya zo, ki yanki ɗan bakin yadin ki tafi da shi ki gwada a hasken rana ba ƙarƙashin fitilar shago ba. Ga wata dabara da masana'antun Japan irin su Toyota suka yi suna da ita, wato ba a sayen kaya sai wanda ke hannu ya nuna alamar ƙarewa: kowace kala mai tafiya ki ajiye biyu, ɗaya a keke ɗaya a ajiye, ranar da aka buɗe na ajiyen a rubuta shi a takardar da ke manne jikin allo. Ranar kasuwa wannan takardar ce kawai za ta bi ki, ko ki ɗau hoton allon a waya ki duba kafin ki miƙa kuɗi. Abin da ba ya takarda ba a saye ko da mai shago ya ce ya karye da arha.

Sai buhunan ƙyalle, kuma a nan dan Allah ki saurare ni da kyau don ba maganar tsafta kaɗai ba ce. Ragowar yadin da aka kawo miki ɗinki ba naki ba ne, na mai kaya ne har sai ta ce ta bar miki. Daga yau duk ragowar da ta kai a yi ɗankwali ko rigar yaro ki ninke ki sa cikin kayan, ƙananan kuma ki tambaya da baki, "Anti ragowar nan in zubar ko kina so?", yawanci za a ce ki riƙe, kin ga ya halatta kuma ta tafi tana ba da labarin amanarki, wannan ya fi duk wata talla da za ki yi a WhatsApp. Na cikin buhunan da kin san masu su ki kira, waɗanda ba ki sani ba ki tambayi malami yadda za ki yi da su.

Waɗanda suka zama naki ki raba su uku. Manya a yi rigar filo, kayan jarirai, jakar islamiyya. Matsakaita a yanka su murabba'i girma ɗaya, inci 5 ko 6, a haɗa su a yi zanin gado ko bargo mai soso a ciki, tunda dama kina ɗinkin zannuwan gado kina da masu saye, kuma aiki ne da zai koya wa yaranki miƙe ɗinki. Irin wannan haɗe-haɗen ba abin rainawa ba ne, a Sanagal 'yan Baye Fall da shi aka san tufafinsu, a Amurka kuwa sana'a ce mai zaman kanta. Ki dai haɗa atamfa da atamfa, kar ki gauraya da leshi ko yadi mai santsi, kuma ki wanke kafin ki haɗa don mai zuba ya zuba tun da wuri. Ki yi guda biyu kawai ki gwada kasuwa, ki rubuta awa nawa suka ci, in kuɗin bai biya lokacin ba ki daina. 'Yan mitsi-mitsin kuma a cusa su a filon kujera ko a ba masu gyaran mota su yi tsumma. Ki ware buhu ɗaya tak, ya cika a rage, ba a buɗe na biyu.

Kayan da ba a karɓa ba, ki jera su ki rubuta sunan mai su da ranar da aka kawo da kuɗin da kike bi, ki tara shi ma, bashi ne kika ba mutane ba tare da kin shirya ba. Ki kira kowa cikin mutunci ki sa masa rana, kar ki sayar da kayan kowa da ra'ayin kanki. Nan gaba kuma kafin alƙalami rabin kuɗi, da lamba a jikin leda daidai da ta littafi.

Dubu 150 ɗin nan kuwa, allo da robobi masu murfi da katakon ɗora kaya ba za su ci kaso mai yawa ba, ki nemi farashi wajen kafinta biyu kafin ki ba da aiki. Ki cire na sabis ɗin kekunan uku kafin azumi, sai na kalolin nan biyar, ragowar ki ajiye ta daban kar ki taɓa har wata uku. In bayan wata ukun ɗakin yana a kimtse kuma har yanzu kina mayar da aiki saboda rashin wajen kafa keke na huɗu, to a lokacin maganar shago ta taso, ki turo min jimillar zaren da ta bashin da kuɗin da ke shigo miki a wata, sai mu duba ko za su ɗauki haya.