Ina so in sayi motar tasi a Legas in ba wa direba, me ka gani?

Tambaya: Shekara tara ke nan ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Na tara 'yan kuɗi, ina so in sayi Corolla 'yar Kwatano in ba ƙanen matata ya riƙa yin Uber ko Bolt, wato tasin da ake kira ta manhajar waya, yana kawo mini balas duk mako. In shiga?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Kafin komai, kuɗin nan rara ce ko uwar kuɗi? In har sai ka taɓa jarin albasa, to ka dakata. Albasa ka san lokacin arharta da lokacin tsadarta, amma mota in ta fita da asuba ba ka san abin da take ciki ba sai ta dawo.

Ka yi daidai da ba ka nufi tasi mai fentin rawaya da baƙin layi ba. Ta yi zamaninta, amma mutane sun daɗe suna kuka da tsofaffin motoci marasa AC da doguwar jayayya a kan farashi. Ga kuma tsoron "one chance", 'yan fashin da ke shigar direba da fasinja, wanda ya sa mutane, musamman mata, ba sa son tare mota a bakin titi da dare. Tun da Uber ta shigo Legas a 2014, Taxify da ta koma Bolt ta biyo baya a 2016, fasinja ya saba da ganin hoton direba da lambar mota a waya kafin ya shiga. Gwamnatin jiha ma ta fito da irin wannan tasi mai suna LagRide a 2022 da sababbin motocin GAC.

Inda nake so ka natsu shi ne lissafi. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, mai ne ke cin kaso mafi tsoka. Ka ɗauka ƙanen matar taka ya ɗauko fasinja daga Agege zuwa Lekki, cunkoso ya riƙe shi a gadar Third Mainland, AC na aiki, mai na ƙonewa. Kamfani ya cire kamashonsa, shi ya ci abinci, ya sayi data. Abin da ya rage daga ciki zai haɗa maka balas. Sannan damina ta zo, ruwa ya cinye tituna, ƙafar mota ta fara ƙara, sai ga ka a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, kana cinikin shokozoba. Wa zai biya? Yawancin rigimar masu mota da direbobi daga nan take tashi, kuma taka ta fi wuya, domin suruki ba ya koruwa kamar bare.

In ka ƙudurta, kada ka yi balas zalla. Ku yi yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan har mota ta zama tasa, da farashi da wa'adi a rubuce, da shaidu biyu, ɗaya daga dangin matarka. Wanda ya san motar za ta zama tasa ba ya faɗa wa rami da gudu. Takardu su zauna da sunanka har ya gama biya, ka sa na'urar bibiya, ka yi cikakkiyar inshora. Ka je da bakanikenka wajen saye, kuma ka fara tambayar shekarar ƙirar da manhajojin ke karɓa.

Ka kuma ware balas na wata uku na farko, kada ka taɓa shi, na gyara ne.