Ciwon ciki bayan cin abinci, ba kullum ba ne olsa

'Yar uwa sannu, Allah ya ba ƙanwarki lafiya. Tunda kin ce da ta ci abinci sai ciwo ya turnuƙe ta a saman ciki, ta rame, maganin olsa kuma bai yi komai ba, to wannan MALS ɗin da likita ya ambata wani zare ne na tantanin da ya raba ƙirji da ciki yake danne babbar jijiyar jinin da ke kai wa tumbi da hanta jini, har mutum ya riƙa tsoron abinci wallahi. Ku yi sikanin Doppler, mai duba gudun jini a jijiya, da hoton CT, ana dubawa tana shaƙar numfashi tana saki. In ya tabbata tiyata ake yi, ta 'yan ƙananan huji a yanke zaren jijiyar ta sake. Don Allah kar a ce mata raki take.