Sabon filin jirgin sama: ayyuka nawa yake kawowa, kuma wa ke samun su?

Tambaya: Za a gina babban filin jirgin sama a yankinmu, ana ta cewa zai samar da dubban ayyukan yi. Shin gaskiya ne? Kuma mutanen yankin ne za su amfana, ko baƙi ne za su cike guraben?

Amsa: Malam, akwai gaskiya a ciki, amma sai an tace ta. Zirga-zirgar jirage ce ke samar da aiki na dindindin. Gini kuwa aikinsa na wucin gadi ne: magina, masu walda, masu lantarki, direbobin manyan motoci da leburori za su yi 'yan shekaru suna samu, ranar da aka buɗe filin a sallame su.

Aikin da ke ɗorewa yana bin yawan fasinja da kaya. Ƙiyasin da aka daɗe ana amfani da shi a Turai shi ne kimanin ma'aikata 1,000 a cikin filin ga kowane fasinja miliyan ɗaya a shekara. Adadin yana raguwa sosai inda jirage masu arha ne suka fi yawa, domin ba sa raba abinci kyauta, kuma jirgi ba ya daɗewa a ƙasa. Hukumar filin kanta mutane kaɗan take ɗauka. Mafi yawa suna ƙarƙashin kamfanonin jirage da 'yan kwangila: masu loda kaya, masu zuba wa jirgi mai, masu dafa abinci, masu shara, masu binciken fasinja. Ga kuma kwastan, jami'an shige da fice da 'yan kwana-kwana.

To daga ina manyan alƙaluman da ake sanarwa suke fitowa? Ana haɗa ma'aikatan cikin filin da na kamfanonin da ke kawo musu kaya, da na otal-otal da shagunan da ma'aikatan za su kashe albashinsu a ciki, wani lokaci har da leburorin gini. Ba a kuma cire waɗanda suka rasa sana'a, kamar manoman da aka karɓe wa gonaki. Wannan yana damun mu ƙwarai, domin diyya kan ƙare, gona kuwa ba ta dawowa.

Akwai kuma aikin da ƙaura kawai ya yi. Da aka buɗe sabon filin Balin a Jamus a 2020, an rufe tsohon filin birnin, wato na Tegel. A Istanbul ma, a 2019 aka kwashe jiragen fasinja daga filin Ataturk zuwa sabon. A irin wannan hali, da yawan ma'aikatan tsoffin hannu ne da suka sauya wurin aiki.

Wani filin ma ba ya tashi sam. Na Ciudad Real a Sifaniya an buɗe shi a 2008, aka rufe a 2012 saboda rashin fasinja. Na Mirabel a Kanada ya fara aiki a 1975, ya daina ɗaukar fasinja a 2004: ya yi nisa da Montreal, layin dogon da aka tsara masa ba a gina ba, tsohon filin birnin kuma ya ci gaba da riƙe jiragen cikin gida. Inda abin ya fi albarka shi ne jigilar kaya. Tun 1973 kamfanin jigilar kaya na FedEx ya mai da Memphis a Amurka cibiyarsa, rumbunan ajiya da masana'antu masu buƙatar aika kaya da gaggawa suka taru a kewayen filin.

Batun 'yan yanki kuwa ya dogara ga shiri tun kafin a gama ginin. Kanikancin jirgi sai da lasisi, kuma yana cin shekaru ana koyo. Mai kula da sauka da tashin jirage sai ya ci jarrabawar Turancin aikin. Ko mai loda kaya sai an binciki tarihinsa kafin a ba shi katin shiga. Idan ba a fara horo da wuri ba, kamfani zai ɗauko ƙwararru daga nesa, ɗan yanki ya ƙare a shara da gadi. Rashin sufuri ma yana hana mutane aiki, tunda ana karɓar aiki tun kafin asuba, lokacin da babu motar haya.

Don haka ku nemi a gaya muku kamfanonin jiragen da suka sa hannu cewa za su zo, da gurabe nawa ne na dindindin a cikin filin, da ranar da za a fara horar da matasan yankin.