Su wane ne makaɗan nan masu fuskokin dodanni?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mutanen nan tara masu fuskokin dodanni da ka gani a wayar ƙanenka a nan Sakkwato 'yan ƙungiyar asiri ne. Bisa kwatancen da ka bayar, makaɗan Slipknot ne, ƙungiyar kiɗa da aka kafa a 1995 a birnin Des Moines na jihar Iowa ta Amurka. Salonsu shi ake kira hebi metal, wato kiɗa mai tsananin ƙara da sauri na jita mai lantarki da ganguna, wanda mawaƙi yake bi da ƙaraji.

Rufe fuskar ado ne na sana'a, kusan kamar shigar yaran tashe, sai dai tasu ta fi muni. Kowa da irin tasa, suna kuma sabunta su idan za su fitar da sabon kundi, har ma da farko kowannensu yana da lamba daga 0 zuwa 8. Kundinsu na 1999 ne ya fito da su, suka ci Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, a 2006.

A dandali ne suka fi shahara, inda makaɗinsu Shawn Crahan yake jibgar duro na ƙarfe da kulki, mawaƙinsu Corey Taylor kuma yakan sa dubban 'yan kallo su tsuguna, sannan su zabura sama gaba ɗaya. Ni kam ina mamakin yadda suke numfashi, domin a zafinmu na Afrilu ba mai iya minti goma cikin wannan roba. Abin da ya kamata ka duba wa ƙanenka shi ne baitocin, saboda cike suke da fushi da ashar.