Amsa kan tsofaffin sulallan azurfar ƙasar Sin

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce an kawo maka manyan sulalla goma sha biyu, wasu da hoton dodo mai jikin maciji, wasu da kan wani kakkauran mutum cikin kayan soja. Mai su ya rantse azurfa ce ta zamanin sarakunan Sin, ka ɗora ɗaya a sikelin masu zinare ya nuna giram 21. Kana son sanin asalinsu, da ko abin zuba kuɗi ne.

Wanda ka auna ɗin dai jabu ne, ba sai an kai shi wurin kowa ba. Dalar azurfa ta Sin, mai dodo ce ko mai kan mutum, nauyinta tsakanin giram 26.4 ne da 27. Ko ta sha hannu har rubutunta ya soma shafewa, da wuya ta rasa giram ɗaya cur. Giram biyar ko shida ba gogewa ke cinye su ba, ƙarfen ne daban. Tunda kuma a hannu ɗaya suka zo, ka ɗauki sauran 'yan gida ɗaya ne har sai kowane ya wanke kansa.

Wannan giram 27 ɗin ba Sinawa suka ƙirƙiro shi ba. Ɗaruruwan shekaru suna ciniki da azurfa, amma awonta suke yi, ba ƙirga ta ba. Ana narka ta dunƙule-dunƙule mai siffar ƙaramin kwalekwale, a auna da ma'aunin da suke kira liang, Turawa kuma tael, kimanin giram 37, wanda shi ma yakan ɗan bambanta daga gari zuwa gari. Cefanen yau da gobe kuwa da kuɗin tagulla masu huji a tsakiya ake yi, a zura su a igiya, kamar yadda tsohon kwabonmu mai huji yake. Bayan Sifaniyawa sun zauna a Manila ta ƙasar Filifin a 1571, jiragensu suka riƙa kwaso azurfar Meziko da ta dutsen Potosi na Kudancin Amurka, a saye siliki da tangaran da ita. Ta haka dalar Sifaniya mai giram 27 ta shiga kasuwannin kudancin Sin, daga baya ta Meziko mai hoton mikiya ta gaje ta. 'Yan canji ba su yarda da hoton sarkin wata ƙasa ba, sai kowa ya gwada sulen ya buga masa ɗan hatiminsa da ƙarfe. Shi ya sa za ka ga tsohuwar dalar Meziko fuskarta duk tabon rubutun Sinanci, wata har ta lotsa kamar ƙaramin faranti.

Sai a 1889 gwamna Zhang Zhidong ya buɗe gidan buga kuɗi a Guangzhou, garin da 'yan kasuwarmu ke zuwa saro kaya yanzu, da injinan kamfanin Heaton na Birmingham. Ya so dalarsa ta kori ta Meziko, sai ya ɗan ƙara mata nauyi. Dabarar ta juye masa: mai kuɗi ya ɓoye mai nauyin ko ya narka ta, ya ci gaba da kashe ta Meziko. Dole aka rage ta daidai da ta baƙi. Wannan nauyin ne za ka gani a rubuce da haruffan boko kewaye da dodon, 7 MACE AND 2 CANDAREENS, wato kashi 72 cikin ɗari na liang guda. Sauran larduna suka bi sahu, kowa da dodonsa da sunansa a tsohon rubutun Turawa: KWANG-TUNG, HU-PEH, KIANG NAN, PEI YANG, FUNG-TIEN, KIRIN, SZECHUEN da sauransu. Duk an buga su ne a zamanin sarakuna biyu na ƙarshe, Guangxu wanda ya mutu a 1908, da yaron nan Puyi da juyin juya halin 1911 ya kawo ƙarshen mulkinsa.

Daga nan kaɗai kana iya zubar da jabu masu yawa ba tare da sikeli ba. Dalar dodo da aka ce ta tsofaffin sarakuna Kangxi ce ko Qianlong ƙarya ce, domin sun mutu tun kafin a kawo injin. Jerin nan mai hoton sarakunan daular Qing ɗaya bayan ɗaya, kowane da shekarun mulkinsa a ƙasa, ba a taɓa kashe shi a kasuwa ba, tsaraba ce ta 'yan yawon buɗe ido. Sarakunan ba sa sa fuskarsu a kuɗi. Togaciyar da aka sani ita ce sulen rupee na lardin Sichuan, da aka kwaikwayi rupee, kuɗin Indiya, don cinikin Tibet, shi kuma ƙarami ne, bai kai rabin dala ba.

Mai kan mutum ɗin Yuan Shikai ne, janar da ya zama shugaban jamhuriya, ya naɗa kansa sarki a ƙarshen 1915, ya mutu a 1916. Sinawa na kiran sulen Yuan Datou, wato Yuan mai ƙaton kai. An fara buga shi a Tianjin a 1914, wani ɗan Italiya mai suna Luigi Giorgi ne ya sassaƙa hatimin da inji ke buga sulen da shi. Faɗinsa milimita 39, azurfarsa kashi 89 cikin ɗari, sauran jan ƙarfe. Don haka duk wanda ya ce maka azurfa ce tsantsa, ko bai san kayan ba ko yana so ya rufe ka. Shekaru huɗu ne na yau da kullum a jikinsa, da lissafin jamhuriya: ta 3, ta 8, ta 9 da ta 10, wato 1914, 1919, 1920 da 1921. Ko ba ka iya Sinanci ba za ka rarrabe su. Ƙirga haruffan da ke saman kan: na shekara ta 3 shida ne, kuma na biyu daga hagu layi uku ne a kwance, 三. Sauran ukun bakwai-bakwai ne, an ƙara musu 造 a ƙarshen hagu. Na shekara ta 8 ya fi sauran wuyar samu.

Kada shekarar da ke jiki ta ruɗe ka. An ci gaba da buga mai shekara ta 3 a gidajen kuɗi daban-daban shekaru da yawa bayan mutuwar mutumin, har farkon shekarun 1950 don mutanen Tibet da ba sa karɓar takarda. Mu ma mun san irin wannan: liyarin Mariya Tereza da ya ratso Sahara zuwa Borno da Kano, wanda maƙeran farfaru suka narka aka yi mundaye da zobba, kusan duk 1780 ke jikinsa, alhali an yi ta buga shi fiye da ƙarni biyu. Mutane sun saba da fuska ɗaya, in ka canza ba za su karɓa ba.

Na ƙarshe a jerin ita ce mai hoton Sun Yat-sen, jagoran kafa jamhuriyar, a gaba da jirgin ruwa mai filafilai a baya. Bugun 1932 yana da tsuntsaye uku a saman jirgin da rana tana fitowa. Lokacin Japan ta mamaye Manchuria, jama'a suka ce ranar tutar Japan ce, tsuntsayen kuma jiragen yaƙinta, aka janye shi. Shi ya sa yake da tsada, kuma shi ya sa masu jabu ke son sa. Na 1933 da 1934 babu tsuntsu babu rana. A 1934 Amurka ta yi dokar sayen azurfa da tsada, azurfar Sin ta yi ta kwarara waje, a Nuwamban 1935 gwamnati ta koma kuɗin takarda.

To me ake saya a cikinsu? Ƙarfen dai kusan giram 24 ne na tatacciyar azurfa a kowace dala, ashirin da biyar ke nan suke kai nisabin zakka na giram 595. Wannan shi ne ƙasan farashi. Abin da ke sama da shi abu uku ne: wane lardi da wace shekara, wane hatimi, da yadda fuskar ta tsira. An buga na Yuan da ɗaruruwan miliyoyi, amma an narka da yawa, kuma da Sinawa suka samu kuɗi sai suka juyo suna sayen kayan kakanninsu daga Turai da Amurka, farashi ya tashi. Abin da ke riƙe mai tarawa kuwa bambancin hatimi ne. PEI YANG ta 1908 ita ce mafi yawa a cikin masu dodo, amma a cikinta kaɗai ana rarrabe mai dogon jela da mai gajere. Akwai dalar lardin Guizhou ta 1928 mai hoton mota, da gwamnan lardin Zhou Xicheng ya sa aka buga don murnar hanyar mota. Can sama kuma akwai na gwaji da ba su shiga kasuwa ba, irin tael ɗin Fengtien na 1903 da aka yi gwanjonsa a Beijing a 2022 kan fiye da miliyan 46 na yuan, kuɗin Sin. Irin waɗannan an san adadinsu da hannun da suke ciki. In ka ga ɗaya a tire a bakin hanya, amsar tana tare da kai.

Ga yadda ake gwaji, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Sikeli mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, ba na kicin ba. Sai abin awon faɗi na masu walda ko kanikawa: milimita 39, kauri wajen biyu da rabi. Dalilin haɗa awo biyun shi ne mai jabu yana cikin tsaka mai wuya. In ya yi amfani da ƙarfe mara nauyin azurfa ya riƙe girman, nauyi ya faɗi zuwa giram 19 ko 22, kamar naka. In ya cika nauyin, sulen ya yi kauri. Maganaɗisu yana kama na baƙin ƙarfe nan take, amma rashin kamawa ba shaida ba ce, don tagulla da gaurayen jan ƙarfe da nikel ma ba sa kamuwa.

Gwajin ruwa ya fi su duka, kuma kyauta ne. Ɗora ƙaramin kofin ruwa a sikelin ka mayar da shi sifiri. Ɗaure sulen da zare siriri, ka nutsar da shi gaba ɗaya ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofin ba, ka rubuta abin da sikelin ya nuna. Raba nauyin sulen a bushe da wannan lambar. Na gaske mai giram 26.7 zai nuna wajen 2.6 a ruwa, sakamakon ya zo kusan 10.3. Farin ƙarfe mai ruwan azurfa a sama yana tsayawa wajen 8.5 zuwa 8.9. Abin da ke ɓata gwajin kumfar iska ce da ke maƙalewa a jikin sulen, da zare mai kauri, da fanka tana kaɗa sikelin. Maimaita sau uku.

Akwai gwajin da 'yan canjin Sin suka shahara da shi: a riƙe sulen da farce biyu a tsakiya, a hura gefensa da ƙarfi, a kai kunne. Azurfa tana ba da amo siriri mai ja. Tagulla tana yin ƙara mai kaifi ta yanke da wuri, dalma kuwa bebiya ce. Yana da amfani, amma sai kunnen da ya saba da na gaske. Kada ka jefa shi a siminti don jin ƙara, lotsawa ɗaya a baki tana rage kuɗinsa.

Inda abin ya yi tsauri shi ne jabun da aka yi da azurfar gaske. Zai wuce sikeli, ya wuce ruwa, ya yi amo. In sule yana kai ninki goma na kuɗin ƙarfensa, mai jabu bai yi asara ba don ya sa giram 24 na azurfa. Nan sai madubin ƙara girma mai ninki goma. Dubi zanen gefe: na inji tsagin nan suna da zurfi kuma ƙasansu a share, na zubi suna da layin haɗi ko alamar zarto. Dubi filin da ba rubutu: ƙananan ƙuraje da ramuka alamar zubi ne. Ɓawon jikin dodo da gashin kan Yuan su fito ɗaya-ɗaya, ba kamar an shafa musu man shanu ba. Tunda sulalla da yawa ke hannunka, jera masu iri ɗaya. In ƙarzuwa ɗaya ta fito a wuri ɗaya a jikin biyu, daga uwa ɗaya aka kwafo su. Baƙin dattin da aka shafa don ya nuna tsufa yakan taru a ramuka kamar kiwi, wani har wari yake.

In Allah ya sa wani ya fita na gaske, kada ka wanke shi. Ba toka, ba lemun tsami, ba man goge baki, ba kai wa maƙeri ya sa masa wuta ya fito fari. Duhun da shekaru suka sa masa shi masu saye ke nema, gogewa kuma tana barin siraran layuka da ba sa ɓoyuwa, farashi ya faɗi rabi ko fiye. Haka wanda aka huda ko aka liƙa wa kunne don sarƙa, ya koma kusan kuɗin ƙarfe. Riƙe shi ta gefe. Kada a ɗaure da kyauro, sinadarin da ke cikinsa yana baƙanta azurfa, leda mai laushi kuma tana barin kore mai danƙo idan damina ta yi. Ɗan gidan roba mai tauri mai milimita 39 ko 40 ya wadatar.

Manyan masu saye ba sa biyan kuɗi mai kauri sai sule yana cikin rufaffen akwatin PCGS ko NGC, kamfanonin da ke tantancewa su ba da maki daga 1 zuwa 70. Akwatin ma ana yin jabunsa, saboda haka a shigar da lambarsa a shafin kamfanin, a gwada hoton da ke can da abin da ke hannu, tabo da tabo. Saye ta hoton waya kawai cinikin biri a sama ne. Masu zuwa Guangzhou kuma su sani dokar Sin ta hana fita da kayan tarihi na kafin 1911, sulallan inji kuwa har na kafin 1949 ma ta hana. Mai shagon da ya ce ka zuba guda hamsin a jaka ba abin da zai faru, ya san abin da ya sayar maka.

Mai son farawa ya nemi ƙaramin sulen KWANG-TUNG mai rubutun 1 MACE AND 4.4 CANDAREENS, giram biyar da ɗan ɗoriya, yana da yawa kuma ba tsada, ko na Yuan shekara ta 3 guda ɗaya tantacce, ya zama abin gwada sauran. Kai kuma, Alhaji, auna sha ɗayan da suka rage, ka turo nauyin kowane da lamba biyu bayan ɗigo, da hoton gaba da baya da na gefe a hasken rana, ba da fitilar waya ba. Wanda duk ya gaza giram 26 ba sai ka wahalar da kanka da ɗaukar hotonsa ba.