Likita ya rubuta "pulp" a katin mahaifiyata, ciwon kuma ya lafa: dole ne mu koma asibiti?

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata ta yi kusan mako biyu tana fama da ciwon haƙorin ƙasa, can ciki ta ɓangaren dama, ko barci ba ta iya yi. Da muka kai ta asibiti aka ɗauki hoto, likitan ya rubuta "pulp exposed" da "irreversible pulpitis" a kati, ya ce mu dawo a wanke saiwar haƙorin ko a cire shi. Na duba ƙamus na ga wai pulp na nufin tsokar 'ya'yan itace, ko abin da aka dagargaza ya koma kamar kunu. Hankalina ya tashi matuƙa. Haƙorin ne ya dagargaje, ko wani tsiro ne ya fito mata? Kafin ranar komawa sai wata maƙwabciya ta kai ta wurin wani mai magani, ya yi mata turare, ya fitar da tsutsotsi uku, ta gani da idonta. Yau kwana huɗu babu ciwo, sai ɗan kumburi a ƙasan muƙamuƙi. Ta ce ta warke, kada a ɓarnatar da kuɗi. Don Allah mene ne pulp, kuma dole ne mu koma?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba Hajiya lafiya. Amsar tambayarka ta biyu ba ta jiran ta farko, don haka da ita zan fara: ku koma, kuma yau, kada ku jira ranar da aka rubuta muku. Kalmar da ta tayar maka da hankali ba ita ce abin tsoro ba. Kumburin nan da ka ambata a ƙarshen wasiƙarka kamar ba komai ba, shi ne abin tsoron.

Ƙamus bai yi maka ƙarya ba, ma'anar da ta shafe ka ce kawai bai sa a gaba ba. Kalmar ta samo asali daga Latin, pulpa, wato tsoka, kuma duk inda Bature ya yi amfani da ita yana nufin abu mai laushi da danshi, ko dai wanda ke cikin abu mai tauri, ko wanda aka niƙe. Tsokar mangwaro pulp ce. Haka abin da muke jiƙawa na tsamiya, da farin garin da ke cikin ɗan kuka, da totuwar da ake ƙwaƙulewa a ƙwarya. Idan ka ga an rubuta ta a jikin kwalin lemo, ana gaya maka ne akwai ɗigo-ɗigon tsokar lemon a ciki ko an tace. A masana'antar takarda, itacen da aka niƙa aka dama da ruwa shi ne pulp, kuma daga nan ne mujallun labarai masu araha da aka riƙa bugawa a Amurka a kan takarda mara kyau, tun daga wajen 1896, suka samu sunansu, har kalmar ta koma nufin labarin da aka rubuta don kasuwa kawai. In kuma suka ce an mayar da mutum pulp, to an yi masa lilis ke nan. Mu ma a asibiti ba haƙori kaɗai ke da ita ba: saifa tana da ja da fara, tattausan naman kan yatsa ma haka ake kiran sa.

A haƙori kuwa, pulp ita ce ɓargonsa. Ƙarƙashin farin ɓawon nan mai tauri da abu mai kama da ƙashi da ke biye da shi akwai ɗan ɗaki, daga ɗakin kuma siraran hanyoyi suna gangarawa cikin saiwa. A nan jijiyoyin jini da jijiyoyin jin zafi suke. Kowane lafiyayyen haƙori yana da ita, ba tsiro ba ce, ba daji ba ce. Abin da likitan ya rubuta shi ne kogon ya ci har ya isa ɗakin, ɓargon ya kumbura, kuma ya wuce matakin da ciko kaɗai zai cece shi. Da a ce tsami take ji na ɗan lokaci in ta sha ruwan sanyi, ya wuce da zarar ta haɗiye, da sai a share kogon a cike. Amma zogin da ke tashi da kansa, ya hana barci, ya yi ta bugawa kamar ganga, alama ce ta cewa ɓargon ba zai farfaɗo ba. Dalilin tsananin zafin kuwa a fili yake. In yatsa ya kumbura fata tana miƙewa ta ba shi wuri. Ɓargon haƙori a kulle yake cikin bango, ba inda zai je.

Yanzu ga maganar tsutsa, wadda babu makon da zai wuce ban ji ta ba, kuma na gaji da jin ta.

Babu tsutsa a haƙori. Ba a taɓa samun ta ba, ba a hoto ba, ba a ƙarƙashin madubin ƙara girma ba, ba a cikin dubban haƙoran da ake cirewa kullum a duniya ba. Ba mu kaɗai muka yi wannan imani ba, mutanen tsohuwar Babila, a Iraƙi ta yau, sun rubuta shi a allunan laka, Turawa ma sun riƙe shi ɗaruruwan shekaru, har likitan haƙori Pierre Fauchard na Faransa ya ƙaryata shi a littafinsa na 1728. A 1890 kuma likitan haƙori W. D. Miller, Ba'amurke mai aiki a Jamus, ya bayyana yadda ƙwayoyin cuta na baki suke cin sukari da sitaci su fitar da tsami mai narkar da haƙori. Abin da ke haƙa kogo ke nan. Shekara ɗari da talatin da wani abu da gano wannan, amma har yau mutum yana zaune a gindin bishiya da garwashi da kwanon ruwa yana karɓar kuɗin tsofaffi.

Ka ce ta gani da idonta. Na yarda ta ga wani abu. Tsohuwar dabara ce: akwai 'ya'yan tsirrai ƙanana da in suka ji zafin wuta sai su fashe, ɗan farin zaren da ke ciki ya fito a lanƙwashe, ya faɗa cikin ruwa, kai ka rantse tsutsa ce. Wani kuma tun daga gida yake zuwa da abinsa a cikin auduga. Ka tambayi kanka abu ɗaya: me ya sa kullum sai an rufe mara lafiya da mayafi, ko an ce ya rufe ido? Ni in na ciro ɓargon haƙori ina nuna wa mai shi a kan auduga. Ɗan siririn zare ne ja-ja, kuma sau da yawa sai in ji an ce, "Ai ga tsutsar nan, Likita!" Ba tsutsa ba ce, naman jikinka ne.

To me ya sa ciwon ya lafa? Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne masu wannan sana'a suke cin kasuwarsu. Ɓargon da ya kumbura a cikin ɗaki kulle yana shaƙe jijiyoyin jininsa da kansa, bayan kwanaki ko makonni ya mutu. Matacciyar jijiya ba ta jin zafi. Ko an yi turare ko ba a yi ba, ranar lafawar tana zuwa, kuma duk wanda aka je wurinsa a daren ƙarshe shi ke kwashe yabo. Mai turare ya samu, mai ɗiga ruwan batir a kogo ya samu, mai man birki, mai fetur, mai garin taba, duk sun samu. Ruwan batir ɗin ma ƙone jijiyar yake yi, ya haɗa da dasashi da harshe. Na ga bakin da aka danna wa ƙwayar asfirin a gindin haƙori aka kwana da ita, dasashin ya yi fari fat ya saɓule. Asfirin haɗiye ta ake yi, ba a ajiye ta a kan nama.

Mutuwar ɓargo ba waraka ba ce. Ɗakin ya zama gidan ƙwayoyin cuta, kuma jini ba ya shiga cikinsa, don haka sojojin jiki ba sa kai wa gare su, maganin kemis ma haka. Shi ya sa mutum zai sha amoksisilin kati bayan kati, kumburi ya sauka, bayan wata biyu ya dawo. Daga ɗakin sai su bi saiwa su fita ta ƙasa, su tara mugunya a cikin ƙashin muƙamuƙi. In an yi sa'a ta huda dasashi ta riƙa tsiyaya a baki. In ba a yi ba, musamman a haƙoran taunar ƙasa irin na Hajiya, sai ta bi ƙarƙashin harshe da wuya. Wani likitan Jamus mai suna Ludwig ya siffanta wannan tun 1836, har yau da sunansa ake kiran cutar: ƙasan baki ya kumbura ya yi tauri kamar katako, harshe ya ɗago ya koma baya, hanyar numfashi ta toshe. Yana iya faruwa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma yana kisa. In aka kawo irin wannan, 'yan'uwa sai su ce ai ciwon haƙorin ya warke tun makon jiya, wannan wani abu ne daban, ko sammu ne. Mai turaren kuwa ba ya cikin masu zaman jinya, yana can ya shimfiɗa tabarmarsa a wata kasuwar.

Ban ce Hajiya ta kai wannan mataki ba, ban gan ta ba. Amma ka duba ta yanzu. In akwai zazzaɓi, ko ba ta iya buɗe baki sosai, ko haɗiya na yi mata wuya, ko miyau na zuba, ko muryarta ta canza, ko kumburin ya gangara wuya, to sashen gaggawa za ku nufa ko da tsakar dare ne, ba ɗakin likitan haƙori da safe ba. In tana da ciwon sukari, ka ninka saurin.

In babu ko ɗaya daga ciki, aikin bai canza daga abin da aka gaya muku ba: ko a buɗe haƙorin a kwashe mataccen ɓargon, a wanke hanyoyin saiwar a toshe su, sannan a cike ko a sa masa hula, ko a cire shi gaba ɗaya. Wanke saiwa ya fi tsada, yakan ɗauki zuwa biyu ko uku, amma haƙorinta yana nan tana tauna da shi. Cirewa ya fi araha, kuma in kogon ya cinye fiye da abin da za a iya ginawa a kai, shi ne daidai, ba abin kunya ba ne. Duka biyun da allurar kashe zafi ake yi. Kafin ku isa, farasitamol ya isa, ta kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri, kada a gasa kumburin da tsumma mai zafi, kada kuma a bari wanzami ya tsaga.

Wajen shawo kanta, kada ka tsaya gardamar tsutsa da ita, ba za ka ci ba, kuma uwa ce. Ka ce mata likita yana son ya duba kumburin ne kawai. Ku tafi da katin da hoton, da kwalayen duk magungunan da take sha, na hawan jini ko na sukari, kuma ku gaya wa likitan ainihin abin da aka sa mata a kogon, ko da za ku ji nauyin faɗa.