Jaririnmu ya zo lafiya, kwana uku ya rasu: akwai gwajin da ke gano ciwon zuciya tun da wuri?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Bara maiɗakina ta haifi ɗa namiji a gida, a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim. Ya yi kuka, ya kama nono, ungozoma ta ce lafiyarsa ƙalau. Daren kwana na uku ya fara haki, ya ƙi nono, leɓensa ya yi duhu. Kafin mu samu mota da asuba rai ya yi halinsa, ragon suna na ɗaure a tsakar gida. Yanzu tana da ciki wata bakwai. Wani ɗan'uwana mai aikin asibiti ya ce wataƙila ciwon zuciya ne, kuma wai akwai wata 'yar na'ura da ake ɗaura wa jariri a ƙafa ta gano shi. Ashe jariri ma yana ciwon zuciya? Ina za mu samu wannan gwaji?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sa mai ceto ne, ya ba ku haƙuri, ya kuma sauki maiɗakinka lafiya.

Ɗan'uwanka ya faɗa maka gaskiya. Cikin jarirai 1,000 da ake haifa, kimanin 8 suna zuwa da wata tawaya a halittar zuciya. Yawanci ƙaramar huda ce, wata ma takan toshe da kanta yaro na girma. Amma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan yara nasu mai tsanani ne, wanda ke bukatar aiki kafin su cika shekara, wasu ma a makon farko. Yadda ka kwatanta ɗanka, abubuwa biyu ne kan gaba a wurin likitan yara: ko irin wannan ciwon zuciya, ko ƙwayoyin cuta da suka shiga jini ko huhu, wanda shi ya fi yawa a ƙauyukanmu. Gwajin da kake tambaya yakan nuna alamar duka biyun.

Na san abin da ke damun iyaye shi ne yadda yaro zai zo lafiya, ya sha nono kwana biyu, sannan ya rikice dare ɗaya. Daga nan ake fara zargin iska ko baki, wani lokaci ma a ɗora wa uwar laifi. Ga abin da ke faruwa. Jariri a ciki ba ya numfashi da huhunsa, ta cibiya yake samun iskar oksijin daga jinin uwa. Don haka Allah ya yi masa wata 'yar gajeriyar jijiya da ta haɗa manyan jijiyoyi biyu masu fita daga zuciya, jini na bi ta nan ya tsallake huhu. Da ya faɗo ya yi kukan farko, aikin wannan jijiya ya ƙare, sai ta fara rufewa, galibi cikin kwana ɗaya zuwa uku. Ga mai lafiyayyar zuciya haka ake so. Amma akwai yaron da hanyar jini zuwa huhunsa a toshe take, ko ɓangaren hagu na zuciyarsa bai girma ba, ko manyan jijiyoyin nan biyu sun yi musayar gurbi. Shi da wannan 'yar jijiya kaɗai yake rayuwa. Muddin tana buɗe, kowa ya gan shi zai ce tubarkalla. Ranar da ta rufe, ranar ake ganin haki da ƙin nono da duhun leɓe. Ungozomar ba ƙarya ta yi muku ba, ko ni na kalle shi a ranar farko da ido kawai, haka zan iya cewa. Wasu daga cikin yaran nan ko an ɗora musu abin sauraren ƙirji ba a jin komai.

Na'urar sunanta oksimita, aikinta auna yawan oksijin a jini. Ba allura, ba ɗibar jini. Malamar asibiti za ta naɗa wani ɗan zare mai laushi kamar filasta a tafin hannun dama na jariri, za ka ga ɗan jan haske yana ratsa fatar, lamba ta fito a fuskar na'urar. Sai ta kwance ta naɗa a ƙafa ɗaya. Minti biyar ya isa, sau da yawa yaron ko farkawa ba ya yi. Ana auna wurare biyun ne domin jinin hannun dama yana rabuwa kafin a kai ga waccan jijiya, na ƙafa kuma bayan ta, don haka bambancin da ke tsakaninsu ma magana ce. Idan hannu da ƙafa duk sun kai 95 ko fiye, kuma tazararsu ba ta wuce 3 ba, ya tsallake. Idan ɗaya ya gaza 90, likita zai gan shi nan take. Abin da ya faɗa tsakanin 90 da 94, ko tazara ta wuce 3, sai a jira awa guda a maimaita, in bai gyaru ba a wuce bincike, har da hoton zuciya da muke kira eko.

Lokacin gwajin shi ne bayan jariri ya cika awa 24, kafin ya wuce kwana biyu. In an yi da wuri sosai, lambar lafiyayyen yaro ma kan yi ƙasa don huhunsa bai gama sabawa ba. Nan ne nake yawan fama da dangi. Mace ta haihu da hantsi, kafin la'asar kaka ta naɗe kaya, wai ruwan wanka na kan wuta a gida, 'yan barka na jira. Ina roƙonka Malam, wannan karon ku haihu a asibiti kuma ku kwana. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta ke nan, mai jego da jaririnta su yi aƙalla awa 24 kafin sallama. In dole ta sa za a tafi da wuri, a auna kafin a fita, gara hakan da babu. In kuma haihuwa ta zo a gida ba shiri, ku kai shi washegari, a haɗa da rigakafin farko a yi gwajin.

Amurka ta sanya wannan gwaji cikin jerin waɗanda ake so a yi wa kowane jariri a 2011, kuma wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna mutuwar jarirai daga ciwon zuciya mai tsanani ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a jihohin da suka wajabta shi. A wajenmu ba kowane ɗakin haihuwa ke yin sa ba sai an nema, don haka ka buɗe baki ka ce a auna oksijin na hannun dama da ƙafa. A tabbatar abin naɗawar na jarirai ne, domin wanda ake maƙala wa manya a yatsa ya yi wa jariri girma, lambarsa ba abin dogaro ba ce. Ƙafa mai sanyi ko yaro mai tsala kuka ma kan rikita awon, sai a ɗumama shi a jikin uwarsa a sake.

Wasu kan ce mini, to Likita, in an gano, ina kuɗin aikin zuciya? Tambaya ce mai nauyi, ba zan raina ta ba. Aikin yana da tsada, manyan asibitoci kaɗan ke yin sa a Nijeriya, wasu iyalai sai sun kai Indiya. Amma da yawa daga cikin jariran da lambarsu ke faɗuwa zuciyarsu lafiya lau take, ciwon huhu ne ko cuta a jini, waɗanda oksijin da allurar kashe ƙwayoyin cuta ke warkarwa a babban asibitin ƙaramar hukuma. Ga mai ciwon zuciyar kuma akwai maganin da ake sawa ta jijiya, furostagilandin, mai riƙe waccan 'yar jijiya a buɗe har a san abin yi. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da likitocin zuciyar yara da na'urar eko, kuma daga Jigawa ana iya bi ta asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu a samu takardar turawa.

Sai dai gwajin ba ya kama duka. Cikin yara huɗu masu ciwon mai tsanani yakan gano kamar uku. Wanda ya fi kuɓuce masa shi ne tsukewar babbar jijiyar da ke kai jini ƙasan jiki, shi ya sa nake so ma'aikaci ya taɓa bugun jijiyar matsematsin jariri kafin sallama. Saura kuma aikin gida ne. Ɗakin mai jego duhu gare shi, ga hayaƙi, fatarmu kuma ba ta saurin nuna canjin launi. A fito da yaro bakin ƙofa cikin hasken rana, a buɗe bakinsa a dubi harshe da dasashi. Tafin hannu da ƙafa su ɗan yi shuɗi saboda sanyi a ranar farko ba abin tsoro ba ne, amma harshe ya koma toka-toka ko shuɗi, wannan tafiya asibiti ce ko da tsakar dare. A ɗaga rigarsa yana kwance shiru, a ƙirga numfashinsa minti guda cur da agogon waya, 60 ko fiye ya yi yawa. Haka in ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, ko yana nishi, ko ya ja nono kaɗan ya saki yana haki, gumi na tsattsafowa a goshinsa. Don Allah in ya ƙi nono kada a ce beli ne a kira wanzami, kada kuma a yi masa ɗure. Addu'a da tofi a yi su a hanya, cikin mota.

Ka gaya wa maiɗakinka ba wani abin da ta ci ko aikin da ta yi da ya jawo wancan. Mafi yawan lokuta ba a gano takamaiman dalili, ko da yake ciwon sukari ga uwa, wasu magungunan farfaɗiya da cutar rubela mai kama da ƙyanda a farkon ciki suna ƙara haɗarin. Ko da ya tabbata zuciya ce, yiwuwar ya maimaitu a ƙaninsa kusan 2 zuwa 3 ne cikin 100.

A awo na gaba ka raka ta da kanka, ku ba malamar awo labarin nan kamar yadda ka rubuto mini, ku nemi a auna sukarinta, a kuma tura ta sikanin da zai duba zuciyar ɗan da ke ciki. Sannan tun yanzu ka yi magana da mai mota a garinku, ka ajiye lambarsa da kuɗin mai a gefe.